Kwalbar Shayi a Hannun Mai Yanka

Mu rundawa ne, kaka da kakanni, wato mahauta a bakin mutanen gabas. A Talata Mafara aka haife ni, a gidan da ko da ido rufe ka shigo, hayaƙin tukuba da warin kitse za su gaya maka inda kake. Mahaifinmu ba shi ne Sarkin Pawa ba, amma wuƙar yanka a hannunsa take. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka kowane barunje yana yanka. Ba haka ba ne. Masu fiɗa daban, masu sara daban, masu talla daban. Mai yanka kuwa mutum guda ne a kwata, wanda gari ya yarda da sallarsa da halinsa. In ya ambaci sunan Allah ya sa wuƙa, magana ta ƙare, daga gidan liman har gidan mai tuwo babu mai tambayar wa ya yanka. Ladansa ɗan naman wuya ne daga kowace dabba, sai girman da ke cikin abin, kuma girman ya fi naman.

Shekarun da aka fara aikin dam na Bakolori, hannun Baba ya soma rawa. Sai ya miƙa wuƙar ga ƙanena, wanda ke bi mini. Shi ne ya sauke Alƙur'ani a gidanmu, ba ya fashin jam'i, ko taba ba ya sha. Aibinsa ɗaya, in aibi ne: ba ya ganin mutum ya ƙyale shi. Tun yana ƙarami, in baƙo ya fita daga zaure, kafin ƙurar takalminsa ta kwanta ƙanena ya ɗauki tafiyarsa da tarinsa ya kawo mana tsakar gida. Inna ta sha jifansa da muciya, tana jifa tana dariya.

Ni a lokacin aurena na fari ya mutu, na dawo gida. Zaman banza ba ya cikin jinina, sai na kama dafa shinkafa da miyar nama ina kaiwa bakin sansanin kamfanin da ke gina dam ɗin. Leburori da direbobin katafila da na tifa sun cika wurin, daga kowace nahiya, kuma ma'aikaci ba ya wasa da cikinsa. Ƙanena kan kawo mini nama a keke in ya tashi daga kwata. Ta haka ya san majigi.

Ranar Asabar bayan Magariba Turawan kamfanin kan haska fim a bangon garejinsu. Ba don mu suke yi ba, amma ba su taɓa korar mu ba. Su suna kan kujeru, mu muna ƙasa a bayan wayar shinge. Yawanci fina-finan Amurka ne na dawaki da bindiga. Ba ma jin abin da ake cewa, amma wanda ya ci amana da wanda za a harbe ba sa bukatar tafinta. Kowa jarumin yake kallo. Ƙanena kaɗai ya ƙwallafa rai a kan wani dattijo mai doguwar fuska da tsohuwar hula, wanda ke fitowa a fina-finai da dama kuma kullum a mashayi. Yau likita ne mashayi, wani makon alƙali ne mashayi, wani makon mai gadin dawaki. Bai taɓa auren yarinyar ba, bai taɓa kashe mugun ba. Sau da yawa ma kafin a kai rabi an gama da shi.

Mai haska majigin wani mutumin Ghana ne mai Hausar Kumasi, kuma mai son a tambaye shi. Ƙanena ya saye shi da balangu. Daga bakinsa muka ji tarihin dattijon nan. Ya ce ɗan talakawa ne, ya fara ne a dandali a babban birninsu, inda ake wasa gaban mutane ido da ido. Ya daɗe yana fitowa a bara mai kawo tire ya koma, ba ya cewa uffan. Sai da furfura ta soma fito masa aka ba shi mashayi, ya yi shi yadda masu fim suka aiko a kira shi, daga nan bai ƙara samun wani matsayi ba har tsufansa. Kuma, in ji mutumin Ghana, a rayuwarsa ta gaskiya ko ɗigo bai taɓa sha ba. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, ko kuwa balangun ne ke magana. Ƙanena dai ya riƙe wannan ƙarshen kamar aya.

"Yaya, dubi ƙafarshi," ya ce mini wata Asabar, ina cikin haɗa kwanoni. "Ba faɗuwa yake son yi ba. So yake a ce lafiyarshi lau."

Na ce masa ni dai in zai ɗauki tukunyar nan ya ɗauka.

Amma gaskiyarsa ne. Dattijon ba ya tangaɗi irin na yara masu kwaikwayon mahaukaci. Miƙewa yake yi sosai, ya wuce yadda mai hankali ke miƙewa. Ya gyara hula a hankali, ya auna ƙofa da ido, ya taka da nutsuwa, sannan kafaɗarsa ta bugi ƙyaure. Ƙanena ya kwashe wannan duka. A tsakar gida yake yi mana da buta a hannu, har Inna ta riƙe ciki tana neman tsari. In Baba ba ya nan ake yi.

Ana nan sai malaman gona na aikin noman rani suka haɗa 'yan wasan kwaikwayo, suna bin kasuwanni suna wayar wa manoma kai. Wani wasan a kan yadda ake buɗe ruwan kanal ne, wani a kan alkama da albasa. Akwai kuma na manomin da aka biya diyyar gonarsa ya tafi bariki ya shanye ta. Wannan ba ƙage ba ne, an yi irinsu a lokacin, mutanen da ba su taɓa riƙe kuɗi dunƙule ba, kuma babu gonar da za su koma. Wani malamin makaranta ne ke fitowa a manomin. Ƙanena ya tarar suna gwaji a inuwar wata bishiya kusa da inda nake saida abinci, malamin yana birgima kamar akuyar da ta ci guba. Dariya ta ƙwace masa. Suka ce in ya fi shi iyawa ya zo ya gwada. Da ya ce a'a, da ban rubuta wannan ba.

Bai nemi izinin Baba ba. Ni na sani, ban kuma hana shi ba, don ban ga abin hanawa ba. Ni ce ma na dafa shayin da ya zuba a koriyar kwalbar giyar da mutumin Ghana ya samo masa.

A kasuwar Damri ya fara. Na bi su da tukunyata, domin inda taro yake nan ciniki yake. Bayan La'asar aka share fili kusa da 'yan hatsi. Da ya fito, dariya ta yi ta tashi har masu awo suka bar buhunansu. Ina jin daɗi, ina cewa a raina ƙanena ne fa. Sai wata tsohuwa da ke tsaye kusa da ni, ba ta dariya, ta ce, ba da ni take ba, da kanta take:

"Wanga yaro ya san giya. Dubi yadda yake share baki yana duba ko an gane shi. Haka ɗana ka yi."

Na juya na ce, "Inna, shayi ne a ciki, ni na dafa."

Ta dube ni da tausayi. "Ɗiyata, ni ma haka nike cewa mutane da farko."

Matar nan ba ƙeta take yi ba, abin da ta sani ta faɗa.

Aka sake yi a Bakura, taron ya fi na Damri. Kafin mako ya zagayo, maganar ta riga mu isa Mafara a bakin fataken shanu. Ba cewa aka yi mai yankanmu ya iya wasa ba. Cewa aka yi an gan shi a buge tsakiyar kasuwa. Waɗanda suka san wasa ne kuma suka ce to, wasa ne, amma ina ya koya? Mutum ba ya kwatanta ɗacin abin da bai taɓa lasa ba. A ƙasarmu a lokacin, ɗan kama da maroƙi an san su, an san sana'arsu ce, kuma babu mai ba su dabba su yanka. Amma mutumin kirki ya tsaya gaban jama'a ya zama wani, ya kuma zama shi sosai, wannan ba mu da wurin ajiye shi.

Ranar da na fara jin tambayar, a kwata ne, na je ɗaukar nama. Wata yarinya da aka aiko ta tsaya gaban tebur ta ce, "An ce in tambaya, wa ya yanka?" Masu sara suka dubi juna. Tun da nake, ban taɓa jin an yi wannan tambayar a kwatarmu ba. Raina ya ɓaci har na ce mata ta koma ta ce ubanta ne ya yanka. Ban kyauta ba, amma na faɗa. Daga nan wasu gidajen suka koma aika yara Bakura sayen nama. Naman da a da kafin Azahar ya ƙare, ya koma kwana, ana mai da shi kilishi ba don an so ba. Rundawa suka fara gunaguni, kuma suna da gaskiya, iyali gare su.

Sarkin Pawa ya kira Baba. Da Baba ya dawo ya sa aka kira ƙanena zaure, ni kuma na tsaya bayan ƙofa, kuma Baba ya san ina nan.

"Ka taɓa sha?"

"Wallahi Baba ban taɓa ba."

"To ina ka samo wanga abu?"

Ƙanena ya ba shi labarin dattijon Amurka, tun daga ɗaukar tire har zuwa cewa shi ma bai taɓa sha ba. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Shi wancan, akwai mai cin yankanshi?"



Na ɗauka za a ce ya bar wasan ne kawai. Amma Sarkin Pawa ya yi wani tunani, kuma dattawa duk sun ga hikimarsa. Ya ce in yaron ya bari yanzu, za a ce asiri ne ya tonu ya gudu. Gara ya sake fitowa sau ɗaya, a kasuwar Maradun inda za a yi na gaba, ya yi shi da gangan ba daidai ba. Ya yi ta shirme kamar malamin nan na farko, kowa ya ga ashe bai san yadda mashaya suke ba, labarin Damri zuƙi ne. In an gama ya buɗe kwalbar ya zagaya da ita a ɗanɗana. Baba zai je da kansa ya zauna cikin dattawa, a ga gidansu ba su da abin ɓoyewa. In magana ta mutu, wuƙa tana hannunsa. In ba ta mutu ba, sai a sake hannu.

Ƙanena ya ce ya ji, ya kuma yarda. Na san da gaske yake. Yana son wuƙar nan. Na sha ganinsa yana wasa ta a dutse da asuba, yana gwada kaifinta a gashin hannu, yana naɗe ta cikin tsumma kamar jariri. Kwanakin da suka rage ya yi ta gwada shirme a bayan gida, yana tambayata ko ya yi muni sosai. Na ce ya ƙara, har yanzu akwai sauran kyau.

Maradun ta cika ranar. Mutanen wajen nan da yawa gonakin fadamarsu na ƙarƙashin ruwan dam, saboda haka maganar diyya ba labari ba ce a wurinsu. Har daga Gidan Goga an zo, don an ji akwai barunjen Mafara da ke abin mamaki. Aka shimfiɗa wa dattawa tabarmi a gaba. Baba ya zauna da farar rigarsa ta Juma'a, fuska a ɗaure. Ni na aje tukunyata inda nake ganin shi da ƙanena duka.

Ƙanena ya fito, ya fara yadda aka tsara. Ya zaro harshe, ya yi layi daga wannan gefe zuwa wancan, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗi. Yara suka yi dariya. Manya ba su yi ba. Wani daga baya ya ce, "Wanga ne anka ba mu labari?" Wani ya amsa masa, "Asarar kuɗin mota." Na ce alhamdulillahi a raina, abin yana tafiya. Na ga Sarkin Pawa yana gyaɗa kai. Amma na ga wuyan ƙanena ya yi tauri, na kuma san wannan alamar tun yana yaro.

Sai aka zo wurin da manomin ya dawo gida. Wani saurayi ne ya ɗaura zane ya fito a matar, yana zaune gaban murhun da babu komai a kai. Matar ta ce, "Malam, ina kuɗin gonar?" A tsari, nan ƙanena zai kurma ihu ya sake birgima.

Yana kwance a ƙasa. Ya ɗan jima. Sai ya tashi a hankali, ya kakkaɓe rigarsa. Ya ɗauki hularsa ya sa, ya gyara ta, ya sake gyara ta. Ya tura kwalbar cikin aljihu, ya dafe aljihun da hannu don kada matar ta gani. Takalminsa ɗaya ya fita, ya miƙa ƙafa zai sa, ƙafar ta wuce, ya tsaya ya dubi takalmin kamar shi ne ya motsa. Sannan ya miƙe tsaye sosai, ya fuskanci matar, ya fara gaida ta. Ina wuni, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, yaya haƙuri da mu. Yana jan kowace gaisuwa da ladabi, yana lallaɓa kalmomin kada su zame masa, don kawai kada ya kai ga amsa abin da ta tambaya.

Kasuwar ta ɗauka gaba ɗaya. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, kuma ban taɓa jin ta mutu da sauri haka ba. Domin da gaisuwar ta ƙare masa, ya tsaya baki buɗe, ya dubi murhun, ya dubi matar, ya share baki da bayan hannu. Wani magidanci da ya gama cin shinkafata ya aje kwano, ya ja hularsa ya rufe fuska. Na dubi Baba. Ashe tun wurin takalmin dariya ta ci ƙarfinsa, yana share hawaye da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Tun rasuwar babban yayanmu shekarun baya ban ga haƙoran Baba a waje ba sai ranar.

Ni kuwa haushi ne ya cika ni, da alfahari, duka biyun, har na rasa wanda zan fara. Na so in je in rungume shi, na so in kwaɗa masa ludayi.

An gama, ya zagaya da kwalbar kamar yadda aka ce. Dattawa suka ɗanɗana ɗaya bayan ɗaya. Wani mai farin gemu ya lasa, ya miƙa wa na kusa da shi, ya ce, "Shayi ne kam. Na yau." Babu wanda ya yi masa musu.

Muka hau motar komawa. Ƙanena ya zauna a baya kan buhunan albasa, yana kallon kanal. Da muka sauka na ce masa, "Kai wane irin mutum ne? Abu ɗaya aka ce ka yi." Ya ce, "Yaya, na gwada. Da ta tambaye ni kuɗin gonar, sai na ga ba haka mutumin zai yi ba." Na ce mutumin nan babu shi, kai ne kake da uba da sana'a.

Washegari bayan sallar Asuba na riga kowa zuwa kwata, wai ɗaukar nama. An kayar da sa, an ɗaure. Rundawa sun tsaya, ba a hira kamar kullum. Ƙanena ya zo da wuƙar cikin tsummanta, ya yi alwala, ya naɗe hannun riga. Sai ga Baba, wanda ya daɗe da daina fitowa da sassafe. Tare yake da ɗan ƙanensa, wani salihin mutum da ban taɓa jin ya ba kowa dariya ba.

Baba ya miƙa hannu. Ƙanena ya dube shi.

"Baba, ka dai gani da idonka. Ka ɗanɗana."

"Na gani," in ji Baba. "Na kuma san ba ka sha. Ko duniya ta taru ta ce kana sha, ni na san ba ka sha. Amma ba ni kaɗai ka cin nama garin ga ba."

Ƙanena ya sa wuƙar a tafin Baba. Hannun Baba na rawa, har sai da ya tallafe shi da ɗayan kafin ya miƙa ta ga ɗan ƙanensa. Ya juya zai tafi, ya yi taku kaɗan, sai ya dawo. Ya tsaya gaban ƙanena, ya rage murya, amma ina kusa, na ji.

"Wurin takalmin nan," ya ce. "Wallahi ka iya. Ban taɓa ganin irinshi ba." Sannan ya nuna san da haɓa. "Kama mishi ƙafa."

Ƙanena ya durƙusa ya kama ƙafar san.